Audugar da Baba Sallau Bai Ji Ba

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da Baba Sallau Maƙeri ya shigo ɗakin duba fata ba, ya zauna a kan bencin da ke gabana, ya miƙo mini hannuwansa biyu. Na daɗe ina aikin lafiya kafin in yi ritaya, na ga haihuwa na ga mutuwa, amma duk lokacin da ƙananan ma'aikata suka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai, labarin wannan ɗan zaman nake ba su, wanda bai kai rabin awa ba. Ba wani abin kirki na yi a ranar ba. Kuskure na yi, kuma a hannun wani ya ƙare.

A farkon shekarun tamanin ne, Minna ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ni kuwa ƙaramin ma'aikacin lafiya ne, ban cika shekara da kama aiki ba. A tsarinmu na lokacin likita ne a sama, amma sau ɗaya a mako yake leƙo sashenmu. A ƙarƙashinsa akwai sista mai kula da sashe, sai nas-nas, sai irinmu masu karɓar marasa lafiya, mu yi gwajin farko, mu cike kati. Ɗakinmu yana can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki. A rubuce sunansa ɗakin fata, amma kowa a gari ya san kuturta ake dubawa a ciki. Mutum ya gwammace a gan shi a ofishin 'yan sanda da a gan shi zaune a bencinmu.

Shugabarmu Sista Rahila ce, mutuniyar wani ƙauye kusa da Gwada, 'yar manoman doya, gajeriya mai tabarau rataye da zare. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a wurinta. Mukan kwaikwaye ta a bayan ido, amma ba wanda ya isa ya yi ko murmushi a gabanta. Ranar da na fara aiki, ko gaisuwa ba mu gama ba ta kama bayan hannuna ta mintsine ni, har sai da na yi ƙara.

Ta ce, "Ka ji zafi?"

Na ce, "Na ji mana, Sista!"

Ta ce, "To ka gode Allah. Wannan zafi shi ne mai gadin jikinka. Mutanen da za ka gani a nan, mai gadin su ya mutu."

A wannan makon ta zaunar da ni ta koya mini abin da na karanta a makaranta ban gane ba. Mutane sukan lissafa gani da ji da sansana da ɗanɗano, su manta da na biyar, domin shi ba shi da gida ɗaya kamar ido ko kunne, ya bazu ne a fata gaba ɗaya. A cikin fatar akwai bakunan jijiyoyi sirara waɗanda ido ba ya gani, kowanne da aikinsa. Wasu taɓi suke ɗauka, wasu ɗumi, wasu sanyi, wasu kuma zafin ciwo. Sai su taru su zama jijiya mai kauri, ta bi dantse ta haura kafaɗa ta shiga laka, daga nan saƙo ya isa ƙwaƙwalwa. Da ta ji ubana ma'aikacin reluwe ne, sai ta kwatanta mini da wayar tangarahon da ke bin layin dogo. Ta ce idan waya ta tsinke tsakanin Minna da Gwada, ko gada ce ta karye a hanya mai tasha ba zai sani ba, sakin jirgi zai yi.

Akwai wata jijiya da ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda idan mutum ya buge ta yake jin tsirr har ƙaramin yatsa. Tana cikin waɗanda ƙwayar cutar kuturta ta fi kamawa. Takan kumbura ta yi kauri, sannu a hankali ta daina kai saƙo, gumi ma ya daina fitowa a wurin, fata ta bushe ta tsattsage. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce cutar ba ta cin yatsu kamar yadda muka tashi muna ji. Ji kawai take kashewa. Wuta da ƙaya da ƙusa su ne ke cinye yatsun, mai su bai sani ba. Idan aka gane da wuri aka fara magani, aka koya wa mutum tsare hannunsa, sau da yawa zai mutu da yatsunsa goma.

Gwajin kansa ba wuya. Mara lafiya zai tuɓe riga a duba jikinsa a hasken rana, ana neman tabo mai haske. Sai a murza auduga ta yi tsini, a taɓa shi yana kallo don ya gane abin da ake so. Daga nan a rufe masa ido. Mu wani murfin tsohon fayil muke karawa a fuskar mutum. Ba a yin magana. Duk inda ya ji taɓi, shi zai kai yatsa ya nuna. Tafin hannu da tafin ƙafa da bakin biro ake bi, sannan akwai kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da ruwan sanyi. A ƙarshe a lalubi jijiyar gwiwar hannu a ji ko ta yi kauri. Sista ta maimaita mini har na gaji: "Garba, kar ka tambayi bakin mutum. Bakin zai ce maka ya ji. Ka rufe ido, ka yi shiru, ka bar yatsa ya nuna."

Na haddace wannan tsaf. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne.

Baba Sallau aminin mahaifina ne. Iyayensu tare suka zo Minna da aikin jirgi, nasa uban yana ƙira a gefen tasha, ya gada. Maƙerarsa tana bayan layin dogo, a nan na koyi zaman banza tun ina ƙarami. Garmarsa da fartanyarsa har kasuwar Gwada ake kaiwa, manoman doya suna duba alamarsa a jikin ƙarfe kafin su ɗauka. Da mahaifina ya rasu shi ya shiga kabari ya karɓe shi, kuma shi ya karɓa mini aure. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba.

Ga kuma wani abu da sai ɗan gari zai gane. Mun tashi mun tarar ana cewa maƙera suna da maganin wuta na gado, wuta ba ta cin su. Da sallah mukan je kallon wasansu, mu ga ana juya jan ƙarfe ana shewa. A shekarun nan kuwa sunan Baba Sallau ya ƙara fita. Kowane maƙeri yakan tsoma awartaki a ruwa idan mariƙinsa ya ɗauki zafi, shi kuwa ya daina. Yakan sa hannun hagu ya gyara garwashin da ya faɗo, bai ko yamutsa fuska ba. Mutane suna tsayawa kallo, ana cewa maganin ubansa ne ya nuna a jikinsa da girma ya zo. Ni kaina, da farar rigata ta asibiti, na tsaya a cikinsu na yi kabbara.

Matarsa Inna Hajara ce kaɗai abin bai burge ba. Wata ranar Lahadi da hantsi ta zo gidana a Fadikpe, ta daɗe tana hira da maiɗakina, sai da ta tashi tafiya ta ce in taka mata. Muna fita ta tsaya.

Ta ce, "Garba, Babanka ba shi da lafiya."

Na ce, "Inna, jiya na gan shi yana ƙira."

Ta ce, "Shekaranjiya yana zaune kusa da murhu, hannunsa ya jingina da tukunya. Ni ce na ji ƙauri daga ɗaki na fito. Ƙaurin fatarsa ne, Garba. Shi yana ta ba ni labari." Ta goge ido da bakin mayafi. "Shekara talatin ina tare da shi. Da can idan tartsatsi ya same shi har zagi yake yi. Wane irin magani ne sai yanzu ya tashi aiki? Akwai kuma wani tabo a bayansa. Kai ka yi karatu, ka duba mini shi."

Na ce zan duba. A raina ban so ba, kuma ban zaci zai yarda ya zo ba.

Sai ga shi ranar Talata da safe, cikin babbar rigarsa ta Juma'a da hula zanna. An yi sa'a, ko in ce an yi rashin sa'a, Sista ta tafi taro a ma'aikatar lafiya, nas ɗin da ke nan kuma tana can wajen wankin gyambo. Na miƙe na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Tashi, likita. Innarka ce ta hana ni sakat. Ga hannun nan, ka duba ka ba ta amsa."

Abu na farko, ya kamata in ce ya tuɓe riga. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Yaya zan ce wa mutumin da ya binne ubana ya tuɓe a gabana? Na ce a raina, hannu aka kawo ƙara, bari in tsaya a hannu. Na murza auduga, na ɗauko murfin fayil.

Ya ce, "Wannan kwalin fa?"

Na ce, "Na rufe ido ne, Baba."

Ya yi dariya. "Ni za ka rufe wa ido, kamar muna wasan ɓuya? Bari in kawar da kai, ya isa."

Na ajiye kwalin. Ya juya fuska wajen taga. Shirun ya yi mini nauyi, na ga kamar rashin ladabi ne in riƙa tsikarin dattijo ban ce komai ba. Sai na taɓa, na ce, "Baba, ka ji?"

Ya ce, "Na ji."

Na sake taɓawa. "Nan fa?"

"Na ji."

Haka muka bi hannun dama, muka koma hagu. Da na iso ƙaramin yatsa da gefen tafin, ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Na lura. Na kuma ga tabon ƙuna sabo da tsoho, na ga gefen tafin a bushe ƙamas alhali ana zafi, ni ina ta gumi. Na ce a raina, hannun maƙeri ne, kanta ce. Kwalaben ruwa suna kan tebur, na dube su na ji kunyar kaina: mutumin da ke ɗaukar garwashi zan gwada da ruwan ɗumi? Gwiwar hannunsa kuwa tana cikin riga, ban nema ba. Na ɗauki kati na rubuta cewa ji yana nan lafiya, ƙunar sana'a ce, na sa hannu. Na ba shi man shafawa.

Ya dube ni, ya daɗe yana duba. Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba. Lafiyarka ƙalau."

"Babu sauran wani gwajin?"

"Babu."

Ya ce, "To." Ya ƙara ɗan zama, sannan ya miƙe. Na raka shi har bakin titi ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi, kamar an sauke mini kaya. Da yamma na je na faɗa wa Inna Hajara. Ba ta yi murna ba. Ta ce kawai, "Allah ya sa haka ne."

Ba a yi wata biyu ba aka tura ni riƙon wani ƙaramin ɗakin shan magani a wajen Gwada, wai na ɗan lokaci. Kun san na ɗan lokacin gwamnati, sai da na wuce shekara. Nakan zo Minna jefi-jefi, in leƙa maƙera a gurguje mu gaisa daga nesa, daga baya aiki ya yi yawa leƙen ma ya gagara. Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, na bi ta rumfar masu sayar da kayan noma, na ji wani manomi yana faɗa da mai rumfa, shi garmar Baba Sallau yake so. Mai rumfar ya ce, "Ai ka haƙura, ta daina zuwa. An ce hannu ne ya kwantar da shi." Ranar Asabar na hau motar farko.

Na tarar da maƙera a mace, ba hayaƙi, kaji sun ɓata kan uwar maƙera. Baba yana zaune a zaure, hannun hagu naɗe da tsumma. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini abin da ke ciki. Inna Hajara ta ba ni labari: wata rana ya daɗe riƙe da awartakin da mariƙinsa ya yi zafi sosai, sai da ya zo ajiyewa aka ga fata ta manne. Bai daina aiki ba tunda ba ya jin ciwo, ƙunar ta ruɓa ta kai ƙashi. An yi na gida an gaji. Da na ce don me ba a kai shi asibiti ba, sai ta dube ni.

Ta ce, "Ai an kai shi. An ce lafiyarsa ƙalau."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo irin wannan ba, kuma ba da faɗa ta faɗe ta ba.

Ranar Litinin na kai shi wurin Sista Rahila, Inna tana biye da mu. Sista ta gaishe shi da girmamawa, har ta ɗan rusuna, sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka cire riga." Ya cire, ko musu bai yi ba. Ga tabon nan a bayansa, faffaɗa, har da wasu biyu a kafaɗa. Ta kwance tsumman. Ƙaramin yatsa babu, na kusa da shi ya rage rabi, na tsakiya ya yi baƙi. Ta lalubi bayan gwiwar hannunsa, ta kamo yatsana ta ɗora a wurin. Jijiyar ta yi kauri kamar igiyar guga. Ta hannun dama ma ta fara.

Ta nuna masa yadda gwajin yake, ta miƙo mini murfin fayil ɗin nan, shi dai wanda na ajiye. Ta ce, "Riƙe." Na kara a fuskar Baba. Ɗakin ya yi tsit. Ta bi tabon baya da auduga. Ta bi tafin hagu da bakin biro, wuri-wuri, tana dannawa har fata ta lotsa. Ta ɗora kwalbar ruwan ɗumi, ta ɗauke, ta ɗora ta sanyi. Hannunsa na dama yana kan cinya a shirye, yatsa a miƙe, yana jiran ya nuna. Bai motsa ba. Ta gama ta ajiye biro.

Sai muka ji muryar Baba daga bayan kwali: "To, ku fara mana, 'yata."

Inna Hajara ta toshe baki da mayafi ta fita. Ni na kasa sauke kwalin, don ba na so ya ga fuskata.

Bayan an kai shi ɗakin wankin ciwo, Sista ta je ta binciko tsohon katinsa. Ta sa tabarau ta karanta, ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Wannan hannun wa ne?"

Na ce, "Nawa ne, Sista."

"Ka rufe masa ido?"

"A'a."

"Ka cire masa riga? Ka taɓa jijiya?"

"A'a. Ubana ne, Sista. Na ji nauyi."

Na ɗauka za ta yi mini ihun da ta saba. Sai ta cire tabarau ta zauna, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Matan nan bai je makaranta ba, ya gane da hanci. Ya zo wurinka don kai ne ka je makaranta. Da ka kama shi wancan lokaci, ko ji bai dawo duka ba, yatsu yana nan. Zai yi ƙira da safar hannu, da awartaki mai dogon hannu." Sannan ta ce, "Zan rubuta maka takardar gargaɗi, zai shiga fayil naka. Kuma zan ce a dawo da kai nan. Wannan hannu, kai za ka wanke shi kullum, ba wani ba."

Haka aka yi. Likita ya cire yatsan da ya yi baƙi, aka ɗora Baba a kan magani. Kowace safiya in jiƙa hannuwansa a ruwa, in kankare kantar, in wanke gyambon, in shafa mai, in naɗe. Ina koya masa abin da ya kamata in koya masa tuntuni: tunda fata ta daina ba shi labari, ido ne zai riƙa yi mata aiki, ya duba hannunsa safe da yamma, kada ya ɗauki kofin shayi sai da tsumma. Maganin ya kashe cutar, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Yatsu biyu na hannun dama suka lanƙwashe, guduma ta daina zama a ciki. Ɗan ƙanensa ya kwashe kayan ƙira ya koma da su Bosso.

Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai shi ne mutane. Waɗanda suke cika ƙofar maƙera suna kallo su ne suka fara cewa wutar ce ta juya masa baya, wai ya karya wani sharaɗi. Aka ware masa kwano a wurin biki. A masallaci sai ka ga an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa. Na bi gida-gida ina bayani cewa wanda ke shan magani ba ya sa wa kowa, ana gyaɗa mini kai, ba abin da ya canza.

Na yi wata uku ina wanke hannun nan ban iya cewa komai ba. Wata safiya, hannunsa yana cikin ruwa, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ranar da ka fara zuwa ban yi maka gwajin yadda ake yi ba. Da na yi, da ba a kai ga haka ba."

Ya sunkuya yana kallon ruwan. Ya ce, "Na sani, Garba. Ai ban ji audugar ba. Kai ne kake gaya mini lokacin da zan ce na ji."

Na ce, "To Baba, don me ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In ce me? Gari duka ana cewa maganin ubana ne. Ni kuwa na san ubana, har ya mutu yana tsoma awartaki a ruwa. Na san ba magani ba ne. Amma da bakina in ce ni kuturu ne? Ba zan iya ba." Ya ɗago ya dube ni. "Kana tsammanin saboda matsin Innarka na sa babbar riga na zo har ƙarshen asibitin nan? Na zo ne ka kama ni. Har sai da na tambaye ka ko akwai sauran gwaji."

Kuka na yi, a gaban nas, a gaban masu jiran layi. Shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce, "Ni na ji kunyar faɗa, kai ka ji kunyar dubawa. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ƙarasa wankin, ruwan ya huce ko? Ni dai ban sani ba."

Ya yi shekaru bayan haka, yana zaune a zaure, yana gyara wa masu ƙira kuskure da baki idan sun kawo masa aiki ya gani. Ciwon ajalinsa wani ne daban, ba wannan ba. Ranar da na je duba shi na ƙarshe, da hantsi, yana kwance ido a rufe. Na zauna na kama hannun hagun, na riƙe da hannuwana biyu. Bai sani ba. Sai da Inna Hajara ta sunkuya ta ce, "Malam, ga Garba ya riƙe maka hannu."

Ya ce, "To, ya riƙe da kyau."

Daga baya na yi girma a aikin, ni ma na riƙe sashe, na koyar da mutane da yawa, wasunku kuna ciki. Kun sha cewa na cika tsanani a kan rufe ido, kuna dariya idan na ɗauko kwali. Yanzu kun ji dalili. Takardar gargaɗin Sista Rahila tana cikin fayil ɗina har na bar aiki, ban taɓa neman a cire ta ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba kasafai suke shigowa su faɗi abin da suke tsoro ba. Za su sa riga mai kyau, su yi raha, su ce wani ne ya matsa musu. Amma wanda ya tako har bencinku ya riga ya yi nasa, saura naku. Ku gaishe da babba, ku durƙusa masa, ku ba shi haƙuri. Sannan ku ce ya cire riga, ku rufe masa ido, ku yi shiru, ko da shi ne ya binne ubanku.